Zazzaɓin Hajiya ya ƙi tafiya, Yaya kuma ya kulle maganin hawan jininta

Assalamu alaikum Anti. Ina cikin damuwa a kan mahaifiyarmu. Shekarunta 74, kuma ta fi shekara goma tana shan maganin hawan jini. A jikin kwalayen an rubuta amlodipine da lisinopril, sai wata ƙaramar ƙwaya mai sa ta yawan fitsari. Tana zaune a gidan babban yayanmu a Zariya, ni kuma ina aure a Kaduna. Da sanyin nan ya shigo ta kamu da mura mai zafi, ga zazzaɓi ga ciwon gaɓoɓi. An kai ta wani ƙaramin asibiti, aka gwada maleriya babu, likita ya ce bairos ne, zai wuce da kansa, ya rubuta farasitamol. Ta samu sauƙi kwana uku, sai zazzaɓin ya dawo. Yau kwana goma sha biyu ke nan da fara ciwon. Da safe jikinta ba zafi, da la'asar ta yi sai ya ɗauka. Tari ya ƙaru, abinci sai an yi da gaske, ruwa ma kurɓa ɗaya take yi ta ture.

Na saya mata na'urar awon jini. Ran nan da daddare ta nuna 168/96, bayan kwana biyu da asuba ta nuna 96/58, kuma a ranar ne jiri ya ɗebe ta a ƙofar banɗaki, Allah ya sa matar Yaya tana kusa ta tare ta. Tun daga ranar Yaya ya kwashe magungunan jinin duka ya kulle, wai su ne suke tsotse mata jini. Matarsa tana kiran wani mai kemis yana zuwa yana yi mata allura, ana ba ta maganin mura, Goggonmu kuma kullum sai ta haɗa mata sirace. Da na ce a mayar da ita asibiti, Yaya ya ce ni ce auta, ba zan taso daga Kaduna in koya masa riƙon uwa ba. Hajiya ita ma ta ce ba inda za ta, don a asibiti Babanmu ya rasu. Shekaranjiya da na je ma sai ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa, daga baya ta gane ni. Anti, in ci gaba da matsawa ne zumunci ya lalace, ko in ja bakina in yi shiru? Kuma a mayar mata da maganin jinin ko a bari?

Daga wata 'yar'uwa a Kaduna

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Ranar da wasiƙarki ta iso na tura miki gajeriyar amsa cewa a kai ta asibiti a ranar, kada a jira fitowar wannan shafi. Yanzu ga dalilina a tsanake, don gidaje da yawa suna cikin irin halinku a wannan hunturun.

Maganar da kika saka a ƙarshe, kamar wadda ta faɗo miki a rai bayan kin gama rubutu, ita ta fi komai tsaya min a zuciya: Hajiya ta kira ki da sunan mamaciya. A gida ana jin haka sai a ce ai tsufa ne, ko a yi dariya a wuce. Amma tsohuwar da makon jiya take ƙirga jikokinta da sunayensu, yau kuma ta kasa gane autarta, ba tsufa ba ne ya sauko mata cikin dare ɗaya. Jikin tsoho ba ya kuka irin na yaro. Yaro zai ɗau zafi kamar garwashi kowa ya ruɗe, shi kuwa tsoho cuta tana iya cin huhunsa ko mafitsararsa zafin jikinsa bai kai ya kawo ba, sai dai ki ga ya yi shiru, barci ya yi yawa, ya daina cin abinci, magana ta fara sauka daga layi. Shi ya sa ma'aikatan lafiya suke ɗaukar digiri 37.8 a matsayin zazzaɓi ga tsoho mai rauni, ba sa jiran ya kai 39. Akwai abubuwa uku da suke dubawa cikin gaggawa ga mai zazzaɓi don su gane ko cutar ta fara fin ƙarfin jiki: ruɗewar hankali, lambar sama ta awon jini ta sauko 100 ko ƙasa, da numfashi sau 22 ko fiye a minti ɗaya. Idan biyu suka haɗu, maganar ta bar hannun 'yan gida. A wasiƙarki kin riga kin ba ni biyu. Na ukun ma kina iya dubawa ba tare da na'ura ba: ki zauna gefenta tana kwance, kada ki gaya mata abin da kike yi, ki zuba wa zanin da ke ƙirjinta ido ki ƙirga ɗagawarsa minti ɗaya cur.

Likitan farko bai yi kuskure ba da ya ce bairos ne. Mura mai zafi haka take, zazzaɓinta yakan yi kwana uku zuwa biyar ya sauka, tari da kasala su ɗan daɗe. Abin da ba nata ba ne shi ne a samu sauƙi kwana uku sannan zazzaɓi ya dawo tare da ƙaruwar tari. Sau da yawa ma'anarsa ita ce bairos ɗin ya raunana hanyoyin numfashi, bakteriya ta samu ƙofa ta shiga huhu, ya zama limoniya, wadda ke buƙatar maganin da likita ya zaɓa. Ga mata tsofaffi kuma cutar mafitsara tana yawan ɓuya a bayan irin wannan zazzaɓi na yamma. Maleriyar da ba a gani ba a farkon ciwon tana iya bayyana yanzu, don haka a sake gwadawa. Idan tarin ya kai mako biyu, a nemi gwajin tarin fuka, kyauta ake yin sa a cibiyoyin gwamnati da aka ware. Sannan muna cikin watannin da zazzaɓin Lassa ya fi yaɗuwa, daga Disamba zuwa Afrilu, kuma wannan cuta da aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969 farkonta kamar maleriya ko mura take. Ba na faɗa ba ne don in tsorata ki, zatona ya fi karkata ga ƙirji ko fitsari. Ku dai gaya wa likita idan ɓeraye suna ɓarna a inda kuke ajiye hatsi, ko Hajiya ta yi tafiya kwanan nan. Gwajin taifot ɗin nan na Widal da ake yi a kowane lungu kuwa, kada ku bari a rufe maganar da shi kaɗai, yana yawan nuna akwai alhali babu.

To, maganar jinin. Na lura 168 ce ta fi tayar miki da hankali, don duk mun taso muna jin tsoron hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. A halin da Hajiya take ciki, 96/58 ɗin nan ta asuba ita ce mai haɗarin. Duba yadda abin yake haɗuwa. Zazzaɓi yana buɗe jijiyoyin jini, yana fitar da ruwa ta gumi da numfashi. Ita ba ta sha, ba ta ci. A kan haka ƙwayar fitsari tana ƙara kwashe ɗan ruwan da ya rage, lisinopril da amlodipine kuma suna ci gaba da aikinsu kamar lokacin da take cin tuwonta tana shan furarta. Ta tashi daga kwance cikin sanyin asuba za ta yi alwala, jini bai isa kai ba, sai jiri. Faɗuwa ɗaya a kan siminti tana iya karya ƙugun mai shekara 74, kuma wannan karaya ce da tsofaffi da yawa ba sa tashi daga ita.

Hawan da kika gani da daddare kuma, ina zargin wani ɓangarensa daga hannunku ya fito. Ki ɗauko kwalin maganin murar da ake ba ta ki duba bayansa. Idan kin ga an rubuta pseudoephedrine ko phenylephrine, su ne masu buɗe hanci, kuma suna matse jijiyoyi su ɗaga jini. Galibin irin waɗannan haɗe-haɗen akwai farasitamol a ciki, ke nan Hajiya tana shan sa ta hanya biyu ba wanda ya lissafa. Allurar mai kemis ita ce babbar damuwata. Wanda aka kira wa mai zazzaɓi da ciwon jiki sau da yawa diklofenak yake zuƙowa, wani lokacin ya haɗa da deksametason. Na farkon yana ɗaga jini, kuma idan ya haɗu da lisinopril da ƙwayar fitsari a jikin da ruwa ya yi wa ƙaranci, ƙoda ce take shan wahala. Na biyun yana ɗaga jini da suga, yana kuma danne zazzaɓi, a ga kamar an warke alhali cutar tana ci ta ƙasa. Diklofenak, ibufurofen da asfirin kuma suna ƙara haɗarin zubar jini idan zazzaɓin na Lassa ne ko denge, wani zazzaɓi da sauro ke yaɗawa, wanda hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta tabbatar da ɓullarsa a Sakkwato a ƙarshen 2023. A dakatar da allurar daga yau, kuma kada a yarda a ɗaura mata ƙarin ruwa a gida. Zuciyar da ta yi shekara goma tana fama da hawan jini, ruwa ya yi mata yawa a jijiya sai ya taru a huhu.

Amsar tambayarki ta biyu ke nan za ta ba ki mamaki: Yaya yana da rabin gaskiya. Idan mai shan lisinopril da ƙwayar fitsari ya kwanta ciwo, ba ya shan ruwa, ko yana amai da gudawa, kuma jininsa ya sauka, likitoci da kansu sukan ce a ajiye waɗannan biyun na kwana ɗaya ko biyu. Inda ya kauce shi ne kwashe su duka, ba da shawarar kowa ba, ba kuma ranar da aka sa za a dawo da su. Maganin hawan jini ba ya tsotse jini. Hajiya tana warkewa ta fara ci da sha, jinin zai koma inda yake kafin a ɗora ta a kan magani, ko ya zarce, kuma ba zai yi sallama ba. Akwai ma wasu, irin su atenolol, da ba a yanke su rana ɗaya sam, don zuciya takan ɗauki gudu. Ke ma kada ki ga 168 ki je ki ɗura mata ukun duka a daren nan, ko ki ninka, ko a fasa wata ƙwaya a sa mata ƙarƙashin harshe don jini ya faɗo da sauri. Likitan da ya auna ta, ya ga sakamakon ƙodarta, shi zai ce wanne za a ci gaba da shi, wanne za a jinkirta, kuma har zuwa yaushe. Ku sa ya rubuta muku a takarda.

Wannan rabin gaskiyar ita ce ƙofar da za ki bi ki shiga wajen Yaya. Ki sa kanki a matsayinsa. Shi Hajiya take kwana a gidansa, shi aka tasa da asuba aka ce ta kusa faɗuwa, ya tsorata, ya yi abin da hankalinsa ya ba shi. Sai ga auta ta sauka daga mota da na'ura a jaka tana cewa an yi ba daidai ba, wataƙila ma a gaban matarsa da 'ya'yansa. Ko ni ce zan ji zafi. Ki same shi shi kaɗai, ki gaishe shi yadda kika saba, ki ce: Yaya, na tambaya an ce min dakatar da maganin da ka yi lokacin da jininta ya sauka akwai hikima a ciki, saura a san ranar da za a mayar da wanne, kuma likita ne kaɗai zai faɗa, don Allah ka kai ta, ni zan biyo ku. Ki bar masa jagorancin. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wannan yayanki ne. Idan ya ƙi, ki kira wanda yake jin nauyinsa, Kawu ko Baffa ko limamin unguwarsu, a ranar, ba sai an yi taron dangi ba. Idan kuɗi ne a ƙarƙashin taurin kan, wanda sau da yawa shi ne amma namiji ba zai furta ba, ku 'yan ɗakin ku haɗa abin da ya sawwaƙa ki damƙa masa a asirce. Ki lissafa abin da mai kemis ya karɓa a 'yan kwanakin nan, za ki ga ba arha aka samu ba.

Matar Yaya kuwa, ki riƙe ta da hannu biyu. Ita ta tare Hajiya a ƙofar banɗaki, ita take wanki, ita take tashin dare. Kiran mai kemis ƙoƙarinta ne na kada a ce ta zuba wa surukarta ido. Ki gode mata da bakinki, ki kai mata ɗan abin hasafi, sannan ki ba ta amanar da ta fi kowace muhimmanci: littafi. Ki sayi littafin rubutu na 'yan makaranta da ma'aunin zafin jiki, don tafin hannu a goshi ba awo ba ne. Safe da yamma a rubuta lokaci, zafin jiki, awon jini, bugun zuciya da na'urar take nunawa a ƙasa, duk abin da aka ba ta da ƙarfe nawa, da sau nawa ta yi fitsari. A auna zafin kafin a ba da farasitamol, in ba haka ba littafin zai yi ƙarya. Awon jinin kuma sai ta zauna ta jingina bayanta minti biyar, hannu a kan matashi daidai ƙirji, ba magana, a auna sau biyu da tazarar minti ɗaya. Ba a auna ta tana rawar ɗari ko ta fito daga banɗaki yanzu. Sau biyu a rana ya isa, sai fa in wani abu ya canza. Na ga gidajen da ake ɗaura wa tsohuwa na'ura kowace awa, kowa ya leƙo ya yi salati, har fargabar ma ta ɗaga jinin.

Sai Hajiya da tsoronta, wanda ba abin raini ba ne. Macen da ta shiga asibiti da mijinta ta fito ba shi, warin wurin kaɗai ya isa ya karya mata zuciya. Kada ku yi mata ƙaryar cewa ba za a kwantar da ita ba, don idan aka kwantar ba za ta ƙara yarda da ku ba. Ki ce mata za a je a saurari ƙirjinta a ɗebi jini, kuma duk abin da aka ce ke kina tare da ita, ba za ki matsa ba. Ki tuna mata hadisin da ta sani, cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Ki jawo Goggo cikin tafiyar maimakon ki yi jayayya da ita, tsofaffi sun fi jin maganar junansu. Idan duk da haka ta kafe, mafi ƙarancin abin da zan yarda da shi shi ne a kawo likita ko ƙwararriyar nas gida a ranar, a duba ta, a ɗebi jini da fitsari a kai ɗakin gwaji. Amma idan ta sake ruɗewa, ko tana haki, ko leɓenta ya sauya launi, ko ta yi wuni ba fitsari, ko lambar sama ta gaza 90, ko awon ya haura 180/120 tare da ciwon kai mai tsanani ko ciwon ƙirji, ko baki ya karkace, magana ta sarƙe, hannu ya saki, to ba lallashi, a ɗauke ta ko da tsakar dare ne. Wanda hankalinsa ya gushe ba a jiran izininsa.

Za ku tafi, ki tattara komai a leda ɗaya: magungunan da Yaya ya kulle, kwalin maganin mura, kwalaben allurar da aka fasa idan ba a zubar ba, har da jiƙe-jiƙen Goggo. Ki roƙi a auna iskar jininta da ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa, a ɗauki hoton ƙirji, a duba ƙoda da gishirin jiki, suga, fitsari da maleriya. Ki faɗi maganar kiran sunan ƙanwarta tun a farkon bayani, kada kunya ta sa ki bar ta sai an tambaya.

Bayan kun dawo, ko an sallame ku, aikin gida shi ne ruwa. Kofi cike ba zai shiga ba, to a riƙa ba ta kurɓa biyu-uku kowane ɗan lokaci: ruwan ɗumi, koko, kunun gyada mara kauri, romon kaza, lemon zaƙi. Fitsari ya yi haske alama ce ana cin nasara. Idan likita ya ce tana da ciwon zuciya ko ƙoda, shi zai faɗi adadin da ba za a wuce ba. Kunun kanwa a ɗaga masa ƙafa, kanwa 'yar'uwar gishiri ce wajen ɗaga jini, haka dunƙule a miya a rage. Farasitamol mai miligiram 500, babba mai ƙarfi ba ya wuce ƙwaya takwas a awa 24, tsohuwa mai ƙaramin jiki da ba ta cin abinci kuwa akan tsayar da ita a shida ko ƙasa, ki tambayi nata adadin. Jiki ya yi zafi a rage bargo a goga mata tsumma da ruwa mai ɗumi-ɗumi. Siracen Goggo a ajiye shi tukuna: lulluɓe mai jiri a kan tukunyar tafasasshen ruwa gumi zai ƙara mata, ga haɗarin ta kife a ciki. Goggo ta koma dafa mata shayin citta mara ƙarfi, ita ma ta ji tana da hannu a jinyar. Kaskon gawayi kuma kada ya kwana a ɗaki an rufe ƙofa da taga, iskar da yake fitarwa ba ta da wari amma tana kisa.

Tashi daga kwance ya zama mataki-mataki, ta zauna bakin gado ta sauke ƙafafu minti ɗaya ko biyu, sannan ta miƙe wani yana riƙe da ita. A ajiye mata fo a ɗaki da daddare, a ɗumama ruwan alwala, ta yi sallarta a zaune, addini ya ba ta wannan sauƙin. Idan mai azumin Litinin da Alhamis ce, ta bari sai ta murmure. Ke kuma ki nemi maigidanki ya ba ki mako guda ki zauna a Zariya, ki karɓi kwanan ɗakin Hajiya matar Yaya ta samu ta runtsa. Kafin ku baro asibitin ki tabbatar an sa muku ranar dawowa, cikin mako ɗaya ko biyu, don a sake duba ƙodar a kuma daidaita maganin jinin, ku je da littafin a hannu.